Akori-kurar dizal ko ta lantarki? Muhawarar 'yan zauren Farin Gada

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah masu zolaya a ɗaga mini ƙafa sai an gama. Hilux ɗina ta fetur, wadda ta shekara 11 tana ɗauko mini dankali daga Bokkos da Mangu, ta fara cin abin da ya fi wanda take kawowa. Wata uku ke nan ba ta yi mako biyu cur ba tare da ta kwana a gareji ba. Na ƙudura rabuwa da ita kafin kakar dankali ta kama. Da niyyata in nemi ta dizal, ta hannu mai lafiya. Sai yarona da ke aiki a Abuja ya zo hutu ya cika mini kunne da zancen akori-kura mai lantarki. Wai ba juye, ba nozul, ba layin gidan mai, wai dizal an gama yayinsa. Har bidiyonta ya nuna mini a waya. Aikina kun san shi: sau 3 a mako in shiga ƙauye in ɗauko kaya zuwa Farin Gada, sau ɗaya kuma in sauka Abuja, Mararraba ko Dei-Dei. Wacce za ta fisshe ni?

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam Alhaji. Mu da wayarmu ma sai mun kai shagon caji mun biya, ita wannan a wane shago za a jona ta? Ko layi za ta riƙa bi da fitilun masu shayi?

Shugaban Zaure: Ɗan Gangare, tun farko aka roƙe ka. A bar masu sani su yi magana.

Oga Na Dilimi: Alhaji barka da dare. Ni dai ka san inda na karkata, amma kafin a tafi batun lantarki bari in gyara wani abu, don mutane na cewa "ta dizal" kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai tsoffin injina irin 3L da 5L, waɗanda ba ruwansu, ko man da aka ɗebo a jarka ka zuba musu za su yi tari su wuce. Akwai kuma na zamani, 2KD, sai 2GD mai 2.4 da 1GD mai 2.8 da suka fito daga 2015. Waɗannan suna da ƙarfi, ba su shan mai, amma kwamfuta ke sarrafa su, kuma ramin nozul ɗinsu kamar silin gashi yake, mai na fita ta ciki da matsin da ya ninka iskar tayarka sau ɗaruruwa. Ruwa kaɗan ko kananzir ya shiga man, shi ke nan, nozul huɗu da famfo sun tafi tare. Na ga mutum ya sha mai a hannun 'yan bumburutu da dare don ya rage dubu biyar, ya zo ya kashe abin da ya isa ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Sannan ka guji wadda aka yi don Turai, mai tukunyar tace hayaƙi da tankin wani ruwa da ake zuba mata daban, AdBlue. Man da muke sha ba ya yi musu, kullum fitila a kunne. In dizal za ka saya, nemi wadda aka ƙera don ƙasashe irin namu.

Baban Ummi: Oga na gode. To ita ta lantarkin fa, kana taɓa ta?

Oga Na Dilimi: Taya da birki da ƙafa, zan taɓa. Abin da ke cikin wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa, a'a. Bolt 400 ne ke bi ta ciki, ba batirin 12 da muka saba ba. Ina da yara masu koyo 6, ba zan sa ɗan mutane ya tura sifana inda ni kaina ban sani ba.

Injiniyan Sola: Salamu alaikum. Alhaji, ni sana'ata wuta ce, don haka za a ɗauka lantarki zan yi wa talla. Bari mu yi lissafi kowa ya gani da idonsa.

Akori-kurar dizal da lodi, a irin hanyarka, mu ce tana shan lita 11 a kilomita 100. Mu ɗauka kowace lita naira 1,200 ce. Ya kama naira 13,200.

Ta lantarki da lodi, mu ce yunit 30 a kilomita 100. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda kake saya a mita. Wajen caji ana asarar kamar kashi ɗaya cikin goma, ya koma 33. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin yunit ɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, naira 225, daga baya aka ɗan sassauto da shi kusa da 210. To 33 sau 210, kusan 6,900 ke nan.

Wato kusan rabi. A nan yaronka gaskiya ya faɗa. Ƙari kuma ba juyen baƙin mai, ba matatar mai, ba kulochi, ba bel.

Ɗan Gangare: Injiniya, wane gidan mai ne ke ba da lita a naira 1,200? A taimaka mana da kwatance.

Injiniyan Sola: Misali ne, kowa ya sa farashin da yake sha. In ya fi haka, ribar lantarki ce ta ƙaru. Amma ban gama ba, don inda gizo ke saƙar yana gaba. Da yadda Alhaji ya kwatanta zirga-zirgarsa, yana cin aƙalla kilomita 40,000 a shekara. Rarar naira 63 a kowace kilomita, sau 40,000, miliyan biyu da rabi ke nan. Yanzu a je a tambayi farashin ta lantarki sabuwa, don ba a samunta ta hannu yadda ake samun Hilux, a cire kuɗin ta dizal mai lafiya. In tazarar ta kai miliyan 20, sai ka shekara 8 kafin ka mayar da kuɗinka. Yawancin kamfanoni kuwa garantin batir da suke bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa. A tafiyar Alhaji, cikin shekara 4 ya cinye kilomitocin.

Maman Khalifa: Tabɗi. Ashe garantin ma gudu yake da mai yawan tafiya.

Direban Kibo: Ku yi haƙuri manya, ni ba lissafi na iya ba, hanya na sani. Shekara 14 ina bin Jos zuwa Abuja ta Akwanga. Tambayata ɗaya ce: in an cika ta, kilomita nawa take ci kafin ta ce a'a?

Abban Gwarinpa: Bari in amsa wannan, don na bibiyi maganar kafin in sayi tawa ƙaramar. Maxus T90 mai lantarki batirinta yunit 88 da rabi, a takarda kilomita 330, kuma ƙafar baya kaɗai ke ja. Isuzu D-Max mai lantarki, wadda aka fara ƙerawa a Tailan a 2025, tana jan ƙafa huɗu tana ɗaukar tan ɗaya, amma batirinta bai cika yunit 67 ba, kilomita 263. Su Toyota da kansu sun nuna Hilux mai lantarki a ƙarshen 2025, batir yunit 59, kilomita wajen 240, kuma lodinta bai kai tan ɗaya ba. Ta Amurka, Ford F-150 Lightning, babbar cikinta na da yunit 131 tana wuce kilomita 500, sai dai wannan giwa ce, kuɗinta ma giwa ne. Duk alƙaluman nan kuma na gwaji ne, mota ba kaya, hanya sumul.

Direban Kibo: To an gama. Daga Farin Gada zuwa Dei-Dei ana maganar kusan kilomita 300 ne. A ɗora buhunan dankali, a haɗa da ramuka, da cunkoson Mararraba da Nyanya inda za ka yi awa biyu kana jan ƙafa. Ko Keffi ba lallai ka gani ba. Tankin Hilux lita 80 ne, in na cika a Bukuru sai in je in dawo ban leƙa gidan mai ba. In ma ya ƙare, yaro ya hau mashin da jarka. Ita wannan me za a ɗebo mata a jarka? Kuma mu faɗi gaskiya, akwai wurare a hanyar nan da ba ka so mota ta tsaya maka bayan magariba, ko da kuwa faci ne.

Malam Na Naraguta: Direba, cunkoso kam ba ya cin batir yadda yake cin mai, don in ta tsaya injinta ba ya juyawa, sai abin da na'urar sanyi ta ja. Amma maganarka ta nisa ba wanda zai ja da ita.

Sai dai akwai wani abu game da garin nan namu da ya sa tambayar Alhaji ta ba ni sha'awa. Jos tana kan tudu mai tsawon kamar mita 1,200 daga teku, Abuja kuwa ba ta kai 500 ba. Wato mai zuwa Abuja da kaya gangara yake yi ta sama da mita 700. Mota da lodinta tan 3, in ta sauko wannan tsawo, ƙarfin da nauyinta ya saki ya kai yunit 6. A motar dizal wannan ƙarfi zafi yake komawa a cikin birki, shi ne ƙaurin da kuke ji a Hawan Kibo, shi ne kuma abin da ke sa manyan motoci su rasa birki a wurin. A ta lantarki, da ka ɗaga ƙafa daga totur injin sai ya rikiɗe ya zama janareto, ya riƙe motar, ya mayar da fiye da rabin ƙarfin cikin batir. Ka sauka Kibo ba ka ƙona birki ba, kuma mizanin batir na hawa maimakon sauka. Sannan injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tudu, saboda iska ta yi ƙaranci. Tsohuwar 5L a Jos ta yi asarar kusan kashi 12 tun kafin a ɗora mata buhu. Lantarki ba ruwansa da iska. Har sanyin garin ma alheri ne gare ta, don zafi ne babban abokin gabar batir. Motar da ke kwana a Rayfield batirinta zai fi na wadda ke gasuwa a Sakkwato daɗewa.

Direban Kibo: Malam Allah ya ƙara ilimi, wannan bayani ya yi daɗi. To dawowa fa? Abin da Kibo ta ba ka da safe ai za ta karɓe abinta da yamma.

Malam Na Naraguta: Za ta karɓa, har da riba. Amma ka sauka da nauyi ne ka hau wayam, don haka abin da za ka biya bai kai yadda kake zato ba.

Direban Kibo: Wayam? Malam wa ya gaya maka ana dawowa wayam? Doya a Akwanga, manja, wani lokaci siminti ko tayil na masu gini. Kuɗin man dawowa daga nan yake fita. Direban da ya hau Kibo ba kaya maigidansa sai ya tambaye shi ko lafiya.

Baban Ummi: Wannan gaskiya ne Malam. Ban taɓa hawa Kibo da bodi a buɗe ba sai ranar da na kai amarya.

Malam Na Naraguta: To na janye wannan, ku kuka san kasuwa. Ni allo na sani.

Kawu Bukuru: Yara kuna ta lissafi, ni abin da na gani zan faɗa. Lokacin da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, muna cewa ba motar da za ta kai akori-kurar 404 da 504. Da Toyota ta shigo muka ce ta Japan ce, gwangwani ce, ba za ta jure burji ba. Yau ina 504 ɗin? Don haka ba na rantsuwa a kan cewa wani abu ba zai karɓu ba. Kuma ku tuna, ƙasar nan tamu ta riga yawancin Nijeriya sanin lantarki. Tun 1929 kamfanin NESCO ke ba da wuta daga ruwan Kurra saboda ma'aikatar kuza. Mun taso fitila ba ta ƙiftawa. Amma da tsohuwar zuma ake magani, mai iyali ba ya zama zakaran gwajin dafi da jarinsa. A bar masu rarar kuɗi su fara.

Abban Gwarinpa: Kawu Allah ya ƙara girma. Ni ina cikin zakarun gwajin, bari in ba da rahoto. Ƙaramar mota ce ta China, shekara ɗaya da rabi ke nan. Gida zuwa ofis, makarantar yara, kasuwa, bai wuce kilomita 50 a yini ba. Ina jona ta da dare sau biyu a mako, unguwarmu na rukunin A. Wallahi na manta yadda layin mai yake, kuma ban da matatar iska da ruwan goge gilas ban sayi komai ba. Amma da Sallah da zan zo Jos, motar madam mai fetur na ɗauko. A cikin Abuja akwai 'yan wuraren caji mai sauri, amma daga Keffi zuwa Mararrabar Jama'a ni ban ga inda zan dogara da shi ba. Wani abin kuma da dillalai ba sa faɗa: bakin cajar ba ɗaya ba ne. Na motocin da aka yi don kasuwar China daban, na Turai daban, na Amurka daban. Na taɓa zuwa wurin caji da batir saura kaɗan, na tarar bakin bai shiga tawa ba. Sai da na sayi mahaɗi. Wani ƙaramin fitilar baya da mai keke ya fasa mini kuwa, mako 7 na jira kafin ya iso.

Oga Na Dilimi: Mako 7! Fitilar Hilux, ka aiko yaro yanzu, kafin ka gama shan shayi ya dawo da iri uku: ta asali, ta Beljiyam, da ta "Allah ya kiyaye".

Ɗan Gangare: To ai mai sauƙi ne, Alhaji ya ɗora janareto a baya. Ana tafiya ana caji. Na warware muku.

Injiniyan Sola: Ka faɗa da wasa, amma akwai masu yin wannan tunani da gaske, don haka bari in amsa. Litar dizal ɗaya a janareto tana ba da kamar yunit 3. Yunit 33 ke nan lita 11. Ka ga mun dawo daidai inda muka taso, lita 11 a kilomita 100, sai dai yanzu ka sayi mota mai tsada da janareto a kai. Duk wanda zai riƙa cajin motar lantarki da janareto, motar dizal yake tuƙawa ta bayan gida.

Alhaji, tambayoyin da suka fi farashin yunit muhimmanci su ne: a ina motar ke kwana, awa nawa kuke samun wuta, kuma wayar gidanka za ta ɗauka? Soket ɗin ɗaki na yau da kullum bai wuce kilowat 2 zuwa 3 ba. Batir mai yunit 88 a kansa sai ya kwana ya yini ya sake kwana. Cajar bango mai kilowat 7 tana cika shi cikin awa 13, amma tana jan amfiya 32 ba hutu, kamar ka kunna dutsen guga 6 ko 7 ka bar su har safe. In wayar da ta shigo gidanka siririya ce, ko taransifomar unguwa dama da ƙyar take numfashi, maƙwabta za su san ka sayi mota.

Baban Ummi: Injiniya, a Unguwar Rogo nake. In mun samu awa 8 a rana mun gode Allah, kuma sau da yawa tsakar dare take zuwa ta tafi kafin asuba. In ta zo ma wani lokaci ko fanka ba ta juyawa da kyau.

Injiniyan Sola: To farashin 210 ɗin ma ba naka ba ne. Naka ya fi araha a yunit, sai dai babu wutar da za a saya.

Maman Khalifa: Kar a manta da Oktoban 2024, da manyan layuka suka lalace Arewa ta haura mako cikin duhu. Ni kajina na san abin da na kashe a kansu a kwanakin nan. Da a ce motar kai ƙwai ma wuta take jira, da na haɗa asara biyu. Amma Injiniya, sola fa? Ba sai mutum ya rabu da jiran kowa ba?

Injiniyan Sola: Hajiya yanzu kika zo wurina. Fanel mai wat 550 yana ba da kamar yunit 2 da ɗan ɗoriya a yini, in rana ta yi kyau. A Jos watan Yuli da Agusta hadari na rufe gari kwana da kwanaki, a lokacin sai a rage buri, kuma lokacin ne dankalin damina ke fitowa, Alhaji ya fi buƙatar mota. Zuwa Bokkos da dawowa, da shiga gonaki, kilomita 170 ne ko fiye, wato yunit 55. Fanel 25 zuwa 30 ke nan. Matsalar ma ba yawan fanel ba ce. Rana na fitowa ne lokacin da motar ba ta gida. Dole sai an sayi wani babban batir a ajiye a gida ya tara wutar yini, da dare ya juye wa motar. Ka sayi batir biyu ke nan don tuƙa mota ɗaya.

Amma ke Hajiya, yaya zirga-zirgarki take?

Maman Khalifa: Direbana na fita ƙarfe 6 daga gona a bayan Lamingo, ya sauke ƙwai a Terminus, Katako, Bukuru, wani lokaci ya ɗauko abincin kaji. Kafin 11 ya dawo. Bai fi kilomita 60 ba. Daga nan motar na ƙarƙashin bishiya har gobe.

Injiniyan Sola: Ai ke aka ƙera wa motar nan, ba Alhaji ba. Kilomita 60 da kaya marasa nauyi yunit 16 ne zuwa 18. Fanel 10 sun ishe ki, kuma motar na gida tun daga hantsi har la'asar, wuta na shiga kai tsaye ba sai an tara ba. Ko kwana biyu aka yi ba rana, batirinta na da sauran da zai kai ki. Wasunsu ma suna da soket a jiki da za ki jona fitilun ɗumama 'yan tsaki in wuta ta ɗauke.

Maman Khalifa: Ka ji Injiniya, Alhaji ya zo neman shawara, ni za a sayar wa mota. Ni fa kiret 150 nake fitarwa, me zan yi da ƙatuwar akori-kura? In dai lantarki ne, ƙaramar motar kaya ko keke mai bodi ta ishe ni. Amma maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Ba girgizar inji ma kaɗai riba ce ga mai ƙwai.

Ɗan Rikkos: Ni mamakina ba wanda ya ambaci iskar gas ta CNG. Gwamnati na ta magana a kai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Oga Na Dilimi: Wannan na masu fetur ne ƙanena. Injin dizal ba shi da fulogi, matsi ke kunna man, don haka mayar da shi gas ba ƙaramin aiki ba ne. Tsohuwar Hilux ɗin Alhaji ce ma za ta karɓa, da injinta na da sauran rai. Kuma tukunyar a bodi ake ɗaure ta, wurin buhu biyu ya tafi. Sannan a Bokkos wa zai ɗura maka?

Abban Gwarinpa: Akwai kuma 'yar tsakiya, irin BYD Shark da ta fito a 2024. Tana da batir na kusan yunit 30 da zai kai ka kamar kilomita 100, in ya ƙare injin fetur ya karɓa. Ba fargabar tsayawa a hanya. Sai dai lodinta bai kai tan ɗaya ba, kuma ka haɗa wa Oga ciwon kai biyu a mota ɗaya.

Malam Na Naraguta: Abin da ke ci mini rai a duk wannan shi ne, ba baƙonmu ba ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka kafa tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri matasa na cire injin bas suna sa batir. Ma'adinin litiyam ɗin da ake yin batirin da shi ga shi nan maƙwabtanmu a Nasarawa ana haƙa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Jiya kuzarmu aka kwashe aka bar mana kududdufai, yau litiyam. A 2024 an cire harajin VAT a kan motocin lantarki, amma a takarda ɗaya aka cire wa dizal ma. Da za a sa caja mai sauri guda biyu kacal, ɗaya a Akwanga ɗaya a Mararrabar Jama'a, da rabin muhawarar nan ba ta taso ba.

Shugaban Zaure: Malam, a dawo kan motar Alhaji. Siyasa sai ranar Lahadi.

Kawu Bukuru: Abu ɗaya ya rage da ba a taɓo ba, kuma a wurin ɗan kasuwa shi ne babba. Hilux ba mota ce kawai ba, ajiya ce. Ranar da kasuwa ta juya maka baya, ko aure ya taso, ko asibiti, ka kai ta bakin titi da safe, kafin la'asar ka ƙirga kuɗinka. Wani ma ya sayar da tasa fiye da yadda ya saya saboda faɗuwar naira. Ta lantarki mai shekara 5, wa zai taya? Mai saye ba ya iya buɗe batir ya ga abin da ya rage a ciki, don haka farashin tsoro zai ba ka.

Abban Gwarinpa: Ana iya aunawa da na'ura Kawu, tana nuna kashi nawa ya rage na lafiyar batir.

Kawu Bukuru: A Gwarinpa. Ni ina maganar dillalin Bauchi Road ne, wanda ke buga taya da ƙafa ya saurari inji.

Oga Na Dilimi: Kuma a ƙara da wannan: batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe. Ruwa ba ya shiga, na yarda, an rufe shi da kyau. Amma hanyoyin gonakin Bokkos da damina ba ruwa kaɗai ba ne, duwatsu ne a ɓoye cikin taɓo. Dutse ya daki tankin dizal, mai walda ya like shi da yamma. Ya daki batir fa? Ga shi ta fi ta dizal nauyi da ɗaruruwan kilo tun ba a ɗora komai ba, in ta kafe samarin ƙauye goma ba za su ɗaga ta ba. Ga mutanenmu da obalodi, motar tan ɗaya a ɗora mata ɗaya da rabi a ce Allah ya kai mu.

Baban Ummi: Oga wannan ta ƙarshen da ni kake, na ji.

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa yaron duk abin da aka rubuta. Ya ce lissafin Injiniya daidai ne amma nan da shekara 5 za mu sake magana. Na ce masa Allah ya kai mu, in lokacin ya yi shi zai saya mini. Yanzu dai dankali ba zai jira a sa caja a Akwanga ba. Oga, akwai wata 2GD da aka kwatanta mini a Bukuru, an ce ta wata ƙungiya ce aka yi gwanjonta. Za ka samu sarari ranar Asabar?

Maman Khalifa: Injiniya, ni kuma ka shigo gona cikin makon nan ka duba rufin ɗakin ajiya, mu ga ko zai ɗauki fanel 10. Dubawa kawai fa, ban ce na saya ba.

Injiniyan Sola: Laraba in sha Allah Hajiya. A ajiye mini kiret ɗaya kuɗin awo.

Oga Na Dilimi: Asabar ta yi Alhaji, amma ƙarfe 6 na safe, ba 10 ba. Ka gaya wa mai motar kar kowa ya tayar da ita kafin mu iso. Da sanyin Bukuru nake so in ji tashinta in ga kalar hayaƙin farko. Ka taho da farar kwalba mai tsabta, zan zuƙo mai daga ƙasan matata mu ga ko akwai ruwa.